Katin da Mas'ud Ya Sayo Mini

Ku yi haƙuri da shirun da kuka ji na yi kwanan nan. Ba ciwo na yi ba, ba kuma data ce ta ƙare ba. Gajiya ce kawai, irin wadda ko waya ka ɗauka sai ka ji ta yi maka nauyi a hannu. Yau dai na ce bari in zauna in ba ku labarin, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Halimatussa'adiyya, a gida Sa'adiyya ake ce mini. A Kurfi muke zaune ni da Inna tun bayan rasuwar Baba. Sana'ata haɗa bidiyon biki. Masu ɗaukar hoto su kawo mini abin da suka ɗauko a wajen kamu da walima da kai amarya, ni kuma in yanke, in jera, in gyara kala, in sa sunaye. A ɗakin da Baba yake tara buhunan gero na kafa teburina, har yanzu in aka yi zafi ɗakin warin hatsi yake yi. Kwamfutata irin ta tebur ce, mai ƙaton akwati, sola ce ke riƙe da ita.

Yayana Bilya yana Dutsin-Ma, yana da shagon da ɗalibai ke zuwa buga ƙwallo a kwamfuta. Shi ne babba, shi ke sauke mana buhun shinkafa, shi ake jira kafin a yanke magana a gidanmu.

Sai Mas'ud. Ɗan Wurma ne, yana fataucin shanu da tumaki tare da baffanninsa. Dogo, mai ƙarancin magana, in ya zo zance sai ya zauna can ƙarshen tabarma yana juya hularsa a gwiwa. Bai san komai a kan kwamfuta ba, bai kuma taɓa nuna ya sani ba. Wata rana a zaure na yi ƙorafin cewa katin hoton kwamfutata ya tsufa, aikin da ya kamata in gama da hantsi sai ya kai ni la'asar.

Ya ce, "Mi ne ne katin hoto?"

Na ce, "Wani ɗan allo ne mai fanka a cikin akwatin. Shi ke zana duk abin da ake gani a sikirin. In mai ƙarfi ne, aiki gudu yake yi."

Ya gyaɗa kai, ya koma zancen damina. Na ɗauka maganar ta wuce.

Ba a jima ba sai ga Yaya Bilya a kan mashin ɗinsa, da rana tsaka, da leda a rataye. Ya ce Mas'ud ne ya je har Kano ya sayo mini sabon kati, babba, mai giga takwas, ya ba shi ya kawo mini. Ina kicin ina kwashe tuwo, kafin in wanke hannu in fito har ya kwance akwatin ya ɗaura shi. Tsohon nawa kuma ya jefa a ledarsa, ya ce zai ba wani mai buƙata. Na kunna, na duba, ga suna nan ɓaro-ɓaro a sikirin, irin katin da nake gani a intanet ina wucewa da sauri don kada raina ya biya. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Inna kuwa har maƙwabta sai da suka ji. Duk wadda ta shigo ɗibar ruwa sai ta ce mata, "Wasu turare da atamfa suke kawowa, shi abin sana'a ya kawo mata. Kin ga mai hankali." Ba ta san mi katin yake yi ba, amma ta san daga Kano ya zo.

Daɗin bai daɗe ba. In ƙaramin aiki ne, katin gayyata ko ɗan gajeren bidiyon sitatus, lafiya lau. Amma da na ɗora babban biki na ce ya fitar, sai ya tafi kamar gaske, ya yi nisa, sannan fuskar amarya ta fara feso ɗigo-ɗigo kore da ruwan hoda. Daga nan sikirin ya yi baƙi, fankar ta ɗauki kuka kamar injin niƙa, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Aikin duk ya zube. In sake daga farko.

Aikin da ke hannuna a lokacin na Hajiya Tani ne, ta Birchi. Bikin ɗiyarta Aisha Humaira, wadda aka kai Maraɗi. Dangin ango suna can suna jiran bidiyon, ita kuma Hajiya ba ta iya jira ba. Kullum da safe wayarta ce ke fara shigowa.

"Sa'adiyya, ina kwana? Halan dai yau an gama?"

"Hajiya ina kwana. Ana kai, in sha Allahu."

"Jiya ma haka kika ce. Ni fa don na san uwarki na ce a kawo miki. Akwai masu yi a Katsina."

Babu abin da ban gwada ba. Na goge direban katin, wato shirin da ke tafiyar da shi, na sa sabo, ya mutu. Na nemo tsohon direba na sa, ya mutu. Na cire murfin akwatin na kafa masa fankar ɗakin Inna tana hura shi, ita tana can tana fifita da murfin kwano tana mita. Na zare shi na goge ƙafafunsa na mayar. Na canza wayar sikirin. Na ce ko wutar sola ce ba ta isar shi, na aro janareta a gidan Malam Sabitu mai shago, na sha hayaƙi da ƙara yini guda, ya mutu a daidai inda ya saba mutuwa, wajen da ƙawayen amarya ke shigowa da anko ruwan goro. Na haddace wajen nan. Har a mafarki ina ganin matan nan suna shigowa suna narkewa.

Na kira Yaya Bilya. Ya ce zafin Kurfi ne. Na ce na duba zafinsa, bai kai ko'ina ba. Ya ce to bairos ne. Na ce na wanke kwamfutar tas na sake zuba komai. Ya yi tsaki ya ce, "Ke dai ba ki iya lallaɓa abu ba. Ki riƙa raba bidiyon gida-gida. Kuma kada ki kuskura ki kwance shi, kayan mutane ne."

Shi kuma mai kayan, Mas'ud, kullum bayan la'asar saƙonsa zai shigo:

"Barka da yini. Ya Inna? Ya aiki? Ya katin?"

Ni kuma in rubuta: "Lafiya lau, yana aiki. Allah ya saka da alheri."

Ku gaya mini, da wane baki zan ce wa mutumin da ya bar kasuwarsa ya shiga motar Kano saboda wata magana da na yi a zaure, wai abin da ya sayo ya fi tsohon ba ni wahala? Sai in tura saƙon, in kife wayar, in koma in kalli baƙin sikirin.

Ana cikin haka aka sa ranar da manyan Mas'ud za su zo gaisuwa wajen Baffa, ƙanen Babanmu. Asabar. Gida ya rikice. Inna ta jiƙa alkama za a yi alkaki, ta aika a sayo mai da sukari na dubulan, ta fito da labulayen sallah. Ta leƙo ɗakina ta same ni da zanin gida da tsohuwar riga, kaina ko kitso babu, sukundireba a hannu.

"Ke wai wace irin ɗiya ce? Mutane za su zo, ko lalle ba ki sa ba. Dubi idonki duk ya faɗa."

"Inna ai ba ni za su gani ba, Baffa za su gani."

"Matan fa? In sun ce a fito da ke, da wannan ƙarfen za ki fito?"

Ta tsaya tana kallona, ta sauke murya ta ce, "Ki rufe abin nan ki huta, Sa'adiyya. Bayan Asabar kya ci gaba."

Ban rufe ba. Ranar Laraba da safe na zare katin, na naɗe shi a tsohon ɗankwali, na sa a jaka. Na sa doguwar rigata baƙa da mayafi ruwan toka, na ce wa Inna zan je Dutsin-Ma sayen zare da kayan lalle. Ba ƙarya na yi ba, na saya. Amma daga tasha wajen Malam Abdulƙadir na nufa.

Shi ya koya mini kwamfuta bayan na gama sakandare. Dattijo ne mai furfura a gemu, shagonsa cike da matattun kwamfutoci har rufi, tabarau a ƙarshen hanci. Muka gaisa, ya tambayi Inna, na ba shi labari tun daga ɗigo-ɗigo har janareta.

Ya ce, "Kullum a babban aiki yake mutuwa? Ƙarami ba ya yi?"

"Ƙarami ba ya yi, Malam."

"To ba zafi ba ne, ba wuta ba ce. Kwance shi."

Na ce Yaya Bilya ya hana. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya turo mini sukundireba.

Na kwance fankar da ƙarfen da ke shanye zafi. Na goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar katin da auduga. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma ya ce in karanta lambar da ke jiki, in kuma karanta ta ƙananan baƙaƙen memori da ke kewaye da ita. Na karanta, ya sa na buga su a intanet da hannuna.

Tsohon kati ne. Tsoho ƙwarai. Giga biyu gare shi, ba takwas ba. Ko nawa da aka ɗauke ya fi shi.

Malam ya ce, "Kin ga abin da suke yi. Kowane kati yana da ɗan shirin da ke cikinsa, bayos, shi ke gaya wa kwamfuta sunansa da ƙarfinsa. Sai su samo tsohon kati su yi masa filashin, su zuba masa bayos na ƙarya. Kwamfuta ta yarda yana da wuri, ta yi ta loda masa kaya. Da an wuce giga biyun nan, babu inda za a sa sauran, sai ya faɗi."

Na zauna a kan benci. Ban ji haushi ba a lokacin, tausayin Mas'ud na ji. Na hango shi a tsaye a cikin kasuwar Kano da hularsa, ana nuna masa kwali mai ƙyalli.

Na ce, "Yana gyaruwa?"

"Ba zai zama babba ba. Amma in aka mayar masa da bayos ɗinsa na asali zai daina faɗuwa. Sai dai a hankali zai riƙa tafiya. Kuma in aka zuba wanda ba nasa ba, yana iya ƙin tashi gaba ɗaya."

Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai baki kamar abin maƙale shanya, ya nuna mini ƙwayar bayos ɗin, 'yar mitsitsiya mai ƙafa takwas. Ya ce ni zan yi, shi kallo zai yi. Na maƙala, ta zame. Na sake, ta zame. Da ƙyar ta kama. Ya ce kafin komai in kwafe na ƙaryar in ajiye, ko da za a buƙaci komawa. Na kwafe. Muka nemo bayos mai lambar da ta dace, na danna, layin ya cika. Na shafa sabon mai, na ɗaure fankar, muka sa shi a kwamfutar gwajinsa.

Fanka ta juya. Sikirin baƙi ƙirin.

Yanzu kuma na kashe shi ɗungurungum, ga Hajiya Tani, ga Asabar. Malam ko a jikinsa. Ya ce, "Memorin ba na kamfani ɗaya ba ne da wanda muka zuba. Sake kwancewa." Na sake kwancewa, gumi yana bin bayana a cikin baƙar riga. Ana kiran azahar ya tafi masallaci ya bar ni ina laluben wani. Na samo wanda lambar memorinsa ta yi daidai harafi da harafi, na zuba, na ɗaure. Yana dawowa na kunna.

Ya tashi. Ga ɗan ƙaramin sunansa na gaskiya a sikirin. Muka ɗora masa gwaji mai nauyi, ya yi ta ja kamar tsohon jaki, amma ko ɗigo ɗaya bai fito ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Amma Malam, an cuci Mas'ud a Kano. Ban san yadda zan gaya masa ba."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin rigarsa. Ya daɗe yana gogewa.

"A Kano aka ce miki?"

"Eh."

Ya juya ƙarfen fankar ya nuna mini wani ɗan gicciye da jan alƙalami a gefe. "Ni na yi wannan. Duk abin da na duba na ga jabu ne, haka nake yi masa. Bara yayanki ya kawo mini katin nan, wani ya sayar masa, yana ta kashe masa wasa a shago. Na gaya masa abin da na gaya miki yanzu. Tun da kika kwance na gane shi, ina ta tunanin ko in yi shiru. Amma ke ɗalibata ce."

Ban san yadda na yi masa sallama ba. Na dai tsinci kaina a kan mashin ɗan acaba, jakata a ƙirji.

Shagon Yaya Bilya cike yake, samari suna ta ihu a kan ƙwallo. A can ƙurya akwai wata kwamfuta mai gefen gilashi da ban san ta ba, an yi mata kujera ta daban, layi ake bi. A cikinta wani dogon kati ne mai fanka uku, yana canza launi, shuɗi, ja, kore. 'Yan wasan a sikirin har gumin goshinsu ana gani.

Ya hango ni ya taso yana dariya. "A'a, amarya! Mi ya kawo ki?"

Na ce mu fita waje. A gindin dalbejiyar ƙofar shagon na warware ɗankwalin na nuna masa jan gicciyen. Dariyar ta ɗauke.

"Na ce kada ki kwance shi."

"Yaya, wancan na ciki shi ne nawa?"

Ya kalli titi, ya sosa ƙeya. "Aro na yi. Da niyyar in mayar miki."

"Ka san wannan jabu ne ka ɗaura mini. Ina kiranka kana ce mini zafi ne, bairos ne."

"To ni na san zai dame ki haka? Na ɗauka yankan bidiyo ba wani nauyi gare shi ba." Ya matso, ya rage murya. "Sa'adiyya, ki duba. Ke aure za ki yi. Wurma za a kai ki, ko Dutsin-Ma in ya kama haya. Wata nawa ya rage ki rufe kwamfutar nan a saka ta ƙarƙashin gado? Ni kuwa da shagon nan nake riƙe da gida. Ki ga yadda ya cika tun da na sa shi."

Na so in yi ihu. Na so in shiga in zare wayar wutar a gaban samarin nan. Amma wallahi ko ɗaga murya ban iya ba. Abin da ya tsaya mini ba katin ba ne. Shekarun da na yi ina wannan aiki, ashe a wajen yayana wasa nake yi kafin a zo a ɗauke ni.

Na ce, "Tsohon nawa fa?"

"Na ba wani."

Na naɗe ɗankwalina. Ya biyo ni yana cewa, "Kada ki gaya wa Mas'ud. Tare muka je Kano da shi, ni na zaɓa masa. In ya ji, da wane ido zan kalle shi ranar Asabar?" Ban waiwaya ba.

Da na isa gida na mayar da katin, na ɗora bikin Aisha Humaira, na bar shi yana ja. Na fito tsakar gida na samu Inna tana murza alkaki a faranti. Na zauna kusa da ita na gaya mata komai, ban rage ba.

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Bilya bai kyauta ba." Ta ci gaba da murzawa. Can ta ce, "Amma ki rufa masa asiri."

"Inna."

"Mi kike so in ce? Ɗan'uwanki ne. In mutanen Wurma suka ji yayanki, wanda zai zauna kusa da Baffanku, ya yi wa ɗansu haka, mu duka za a kalla. Ba kin ce ya gyaru ba?"

"Ya daina mutuwa dai."

"To ai shi ke nan. Ki yi haƙuri, zan yi masa faɗa bayan an watse."

Washegari da hantsi bidiyon ya fita cif, matan anko suka shigo suka wuce lafiya. Na tura wa Hajiya Tani. Ta turo saƙon murya: "Ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Sai dai bikin ƙanwarta na riga na ba wani, kin san ba a son jira." Na saurara sau ɗaya na goge.

Ranar Juma'a bayan la'asar Mas'ud ya zo. Ban yi niyyar kwalliya ba, Inna ce ta ajiye mini leshi ruwan zuma a kan gado ta tsaya har sai da na sa. Lallen da aka yi mini da safe ya kama ja sosai. Na ɗauki ruwa da 'yar dubulan a faranti na fita zaure. Yana can ƙarshen tabarma da farar shadda, sabon aski, yana ƙamshin turaren Juma'a.

Muka gaisa. Ya ce su Baffansa sun shirya, da hantsi za su taso. Ya ce an ware ragon da za a kawo. Na ce Allah ya kawo su lafiya. Ina jin ƙarar tabarya daga maƙwabta.

Ya ce, "Kin rame."

"Aiki ne."

"Katin ne?"

Na buɗe baki in ce lafiya lau. Maganar Inna tana kunnena, fuskar Yaya Bilya a gindin dalbejiya tana idona. Sai na ji na gaji da kalmar, ba zan iya sake furta ta ba.

Na ce, "Mas'ud, katin da ke cikin kwamfutata ba shi ne ka saya ba."

Na jira ya zabura. Bai zabura ba. Ya ajiye kofin ruwan a hankali.

"Na sani."

"Ka san mi?"

"Ranar da aka ɗaura shi kin turo mini hotonsa kina godiya. Fanka biyu na gani. Wanda na riƙo a cinyata tun daga Kano fanka uku gare shi. Ban san kwamfuta ba, amma na iya ƙirga."

"Tun ranar?"

"Tun ranar. Na biya ta shagon Bilya daga baya, na gan shi a cikin gilashi."

"Kuma ba ka ce komai ba."

Ya ɗauki hularsa ya fara juyawa. "Yayanki ne. Mu a gidanmu ba a kama surukin gobe da irin wannan. Na ce in abin ya dame ki za ki faɗa, in kin faɗa sai in san yadda zan yi. Shi ya sa kullum nake tambaya. Kullum ki ce lafiya." Ya kalli tabarma. "Kuma na so in ga ko ke mai ɓoye mini abu ce."

Ku ji fa. Ni ina can ina shaƙar hayaƙin janareta, ina kwana da ciwon kai, ina rasa masu kawo mini aiki, ina ɓoye masa don kada ransa ya ɓaci, shi kuma yana zaune da amsar a aljihu yana jiran ya ga ko zan ci jarrabawa.

Na ce, "To na ci ko na faɗi?"

"Ba haka nake nufi ba, Sa'adiyya."

"Ka san wahalar da na sha?"

"Ban san ya kai haka ba. Da na sani..."

"Da ka tambaye ni kai tsaye. Kalma ɗaya. Ka ce, wannan ba shi ba ne."

"Ke ma da kin faɗa."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ba ni haushi. Na kalli lallen hannuna. Yaya ya yanke cewa aikina ba ya buƙatar kati. Inna ta yanke cewa in yi shiru. Shi ya yanke cewa ya jira ya gani. Kowa ya zauna ya yi lissafinsa a kaina, babu wanda ya leƙo ɗakin geron nan ya ce mu ga abin da ke faruwa. Ni ma kuma na biye musu.

Na ce, "In an kai ni gidanka, ina za a ajiye kwamfutata?"

Ya ɗago da mamaki. "Ban yi tunanin wannan ba tukuna."

"Ni ma sai shekaranjiya na fara." Na gyara mayafina. "Ka ce wa su Baffanka kada su taso gobe."

Hular ta tsaya a hannunsa. "Fasawa kike yi?"

"Ban ce na fasa ba. Na ce kada su zo gobe. Ba zan iya fitowa in yi murmushi Yaya Bilya yana zaune kusa da kai kuna gaisawa kamar ba komai ba. Akwai maganar da ya kamata mu yi, ni da kai, kafin manya su yi tasu."

Ya miƙe, ya sa hularsa, ya ce, "An riga an gaya wa mutane." Ya sa takalmansa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce, "Ki gaida Inna." Na ji tashin mashin ɗinsa har ya ɓace.

Na ɗauki farantin, ko ɗaya bai taɓa ba. Ina ɗaga labulen shiga gida na gan ta. Inna tana tsaye a bayan ƙyaure, hannuwanta duk mai da sukari, ban san tun yaushe take wurin ba. A bayanta ga manyan robobi cike da alkaki an jera a inuwa, an rufe da sabon zane.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta kalle ni tun daga ɗaurin kai har ƙafa, ta goge hannunta a gefen zaninta, ta ce,

"Ajiye farantin. Ki sa takalminki. Ke za ki je ki gaya wa Baffanki da bakinki, kuma duk abin da ya tambaye ki, ki ba shi amsa."

Na ce, "Har da na Yaya Bilya?"

Ta juya ta shige ɗaki, ta saki labule.

Na sa takalmina.